Tambaya da Amsa: Ƙwayoyin da ke cin ƙashi, a farantin gwaji da kuma a jikinmu

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta wuce na faɗa a gurguje cewa shekarun ƙarshe na karatuna a ƙasar waje na yi su ne wajen renon ƙwayoyin halittar da ke cin ƙashi. Wannan 'yar magana ta jawo saƙonni da yawa, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyaye mata da hankalinsu ya tashi. Na zaɓo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani jama'a. Ina tuna muku cewa aikina na ɗakin gwaji ne, don haka mai fama da ciwo ya je likita ya gan shi ido da ido.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ina aji uku a fannin kimiyyar halittu. Don Allah yaya ake renon waɗannan ƙwayoyi? Ƙashin mutum ake fasawa a ciro su? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba a fasa ƙashin kowa. Jini ake ɗiba a jijiyar hannu, kamar mililita 50, ko a karɓo fararen ƙwayoyin da ma'ajiyar jini ke warewa daga jinin masu ba da gudummawa. Na san za ki ce me ya haɗa jini da ƙashi. Bari mu bi ta a hankali.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana cikin rushe shi ana sake gina shi. Baligi na da ƙasusuwa 206, kuma duk shekara ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 nasu. Ƙwayoyi iri biyu ke wannan aiki. Ostiyokilas, wato ƙwayoyin cin-ƙashi, su ke kankare wurin da ya tsufa ko ya yi 'yar tsaga, sai ostiyobilas, magina, su biyo sawu su cike ramin. Cin yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, cikon kuwa sai ya kai wata uku ko huɗu. Ki riƙe wannan tazara da kyau, don duk tambayoyin da ke ƙasa a kanta suke.

Wani masani ɗan Suwizalan mai koyarwa a Jamus, Albert Kölliker, shi ya raɗa musu suna a 1873, amma sai da aka yi kusan shekara ɗari ana gardamar daga ina suke fitowa. Abin da ya raba gardamar wata cutar gado ce da ba kasafai ake ganinta ba. A cikinta ƙwayoyin cin-ƙashi ba sa aiki, sai ƙashi ya yi ta taruwa har ya toshe gurbin ɓargo, ya matse jijiyar gani. Yaro ya makance, jini ya yi masa ƙaranci, ƙashin kuma duk da kaurinsa ya riƙa karyewa. A shekarun 1970 Donald Walker a Amurka ya haɗa jinin ɓeraye masu irin cutar da na lafiyayyu, sai ƙashinsu ya gyaru. A 1980 kuma likitoci a jihar Minnesota ta Amurka suka ba da rahoton wata jaririya mai cutar da aka yi wa dashen ɓargon ɗan'uwanta namiji. Ta samu sauƙi, kuma da aka duba ƙwayoyin cin-ƙashinta sai ga su ɗauke da alamar halittar namiji, ta ɗan'uwan nata. Ashe daga ɓargo suke, 'yan gida ɗaya ne da fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait.

Saura a san abin da ke sa monosait ta rikiɗe. Sinadarai biyu ne jiki ke amfani da su. Na farko M-CSF, wanda ke raya ƙwayar. Na biyu RANKL, wanda ke ba ta umarnin zama mai cin ƙashi, kuma a 1998 masu bincike a Amurka da Jafan suka tabbatar da aikinsa, kowa a nasa ɓangaren. Kafin nan, mai son ƙwayoyin ɗan'adam sai ya jira an yi wa wani tiyatar wani irin ƙari na ƙashi da ke cike da su, in bai samu ba ya haƙura da na jariran ɓera, zomo ko 'yan tsaki. Yau ana sayar da sinadaran biyu a 'yan kwalabe.

Ga yadda aikin yake a hannu. Ana tsiyaya jinin sannu a hankali a kan wani ruwa mai ɗan kauri da ake kira Ficoll a cikin bututun roba, a saka a na'ura ta juya shi da ƙarfi kamar rabin awa. In kin ciro bututun kika ɗaga shi ga haske, za ki ga ya rabu hawa-hawa. Jajayen ƙwayoyi sun nutse ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya yana sama, a tsakani kuma ga wani siririn farin zobe mai hazo-hazo. Shi ake tsotsowa, kuma sai da natsuwa, don hannu na ɗan rawa zoben ya watse. Daga cikinsa a ware monosait, ko dai da maganaɗisu, ko a bar su su manne a gindin faranti a wanke sauran.

Sai a zuba musu ruwan reno mai launin ja-ja. A ciki akwai sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, da kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin tayin saniya, da ɗan penisilin. A ɗiga M-CSF da RANKL, kowanne kamar nanogiram 25 zuwa 50 a mililita, nanogiram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Farantin ya shiga inkibeta mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Duk kwana biyu ko uku a zuƙe tsohon ruwa a zuba sabo, har mako biyu ko uku.

Kwanakin farko babu abin kallo, 'yan dunƙule-dunƙule ne kawai a ƙarƙashin madubin gwaji. Daga baya su baje, su fara rarrafe. Wajen mako guda sai ki ga biyu sun matso juna, fatarsu ta haɗe, sun zama ɗaya, wata ta zo ta shige, wata ma ta biyo. Ƙwayar jiki ta yau da kullum cibiya ɗaya gare ta, wannan kuwa sai ki ƙirga biyar, goma, har ashirin a ciki guda. Na sha ganin wannan haɗuwa, kuma har yau in na gani sai na yi tasbihi. Ana zuba wani rini mai suna TRAP da ke mayar da su ja mai duhu, a ƙirga duk mai cibiya uku ko fiye.

To amma ni rini kaɗai ba ya gamsar da ni, kuma ina jan kunnen ɗalibai a kan haka. Ƙwaya na iya ƙatuwa, ta ɗauki launi, ta kasa cin komai. Hujja ita ce rami. A 1984 rukuni biyu na masu bincike a Landan, Alan Boyde da abokan aikinsa da kuma Tim Chambers da nasa, suka fito da dabarar ɗora ƙwayoyin a kan siraran yankan haƙori ko ƙashi. Yau ƙashin cinyar saniya ake samowa daga kwata, a wanke shi tas, a yanka da zarto mai bakin lu'ulu'u, kaurin kowane yanka bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar in ta hau kai sai ta kafe gefenta a zagaye ta manne, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama baya, babu abin da ke shiga ko fita. A cikin wannan rufaffen wuri take tsarto asid. Tsamin wurin yana kai 4.5 a ma'aunin da jini ke kan 7.4, kuma a wannan ma'auni duk raguwar lamba ƙaruwar tsami ce. Asid ya narkar da kalsiyam, wani sinadari mai suna katafsin K ya yayyanka zaren kolajin da ya rage, wato zaren da kalsiyam ke zaune a kansa a cikin ƙashi, ƙwayar ta haɗiye ɓarɓashin ta fitar ta bayanta. A ƙarshe a goge ƙwayoyin, a shafa wa ƙashin shuɗin rini, a duba. Wasu ramukan zagayayyu ne, wasu dogaye ne, inda ƙwayar ta riƙa ci tana tafiya. Su ake aunawa.

TAMBAYA: Dakta, ɗana mai shekara shida ya fara famfara. Na duba haƙorin da ya faɗi na ga ba shi da saiwa. Ko wata cuta ce ta cinye ta? Daga wani uba, Ƙaura Namoda.

AMSA: Malam, kwantar da hankalinka, lafiyarsa lau. Haƙoran nono suna da saiwa. In haƙorin girma ya taso daga ƙasa, jiki na tura 'yan'uwan waɗannan ƙwayoyi da muke magana su cinye saiwar na sama kaɗan-kaɗan, har ya yi girgiɗi ya faɗi. Su ne kuma ke buɗe wa sabon haƙori hanya a cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ya sa yara masu cutar nan da na ambata a sama haƙoransu ke makalewa. Haka in mutum ya karye aka yi ɗori, ƙullutun da ke fitowa a wurin su ne ke sassaƙe shi a hankali har ƙashin ya koma kusa da siffarsa. Duk wannan alherinsu ne.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya. Ɗana ne ya rubuta mini wannan. 'Yata tana cikin yaran da aka yi wa maganin gubar dalma lokacin da abin ya faru a ƙauyenmu, tana 'yar shekara huɗu. Allah Ya raya ta, an yi mata aure, yanzu tana da ciki wata huɗu. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce dalma na ɓuya a ƙashi. Gaskiya ne? Za ta taɓa abin da ke cikinta? Daga wata uwa, ƙaramar hukumar Anka.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Allah Ya sauke ta lafiya. Ma'aikaciyar nan gaskiya ta faɗa miki, kuma tambayarki ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk saƙonnin da na samu.

Ga masu karatu na nesa: a 2010 ne ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida a niƙa, ashe cike yake da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara. Sama da yara 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, Bagega sai a 2013, an kuma ba dubban yara maganin da ke janyo dalma daga jini ta fita ta fitsari.

Matsalar ita ce jiki na ɗaukar dalma tamkar kalsiyam, sai magina su gina ta cikin ƙashi. A jini, rabin dalma na barin wurin cikin kusan wata guda. A ƙashi kuwa tana iya shekara ashirin ko fiye. Sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take, a yaro kuma kamar kashi 70. Maganin da aka ba yaran ya ceci rayuka, amma ba ya kai wa ga wadda aka riga aka gine a ciki. Tana nan zaune har ranar da ƙwayar cin-ƙashi ta zo ta narkar da wurin, sai ta fito tare da kalsiyam ta koma jini.

Ciki da shayarwa su ne lokutan da jikin mace ke yawan buɗe wannan ajiya. Jariri na buƙatar kamar giram 30 na kalsiyam kafin a haife shi, mafi yawa a wata ukun ƙarshe, nono kuma na ɗauke miligiram 200 zuwa 300 kowace rana. In abinci bai kawo ba, daga ƙashin uwa za a ɗiba. A shekarun 1990 masu bincike a Ostareliya suka bi matan da suka yi ƙaura zuwa can daga gabashin Turai. Dalmar ƙasashensu ta bambanta da ta Ostareliya a awo, kuma da suka yi ciki sai aka ga tsohuwar dalmar gida, wadda ke ƙashinsu, tana ƙaruwa a jininsu. Dalma kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.

Ban faɗi wannan don in tsorata ki ba, akwai abin yi. Ta je awo, ta gaya wa likita ƙarara cewa tana cikin yaran da aka yi wa maganin dalma, ta roƙi a auna dalmar jininta yanzu, a sake a watannin ƙarshe da bayan haihuwa. A wadata ta da kalsiyam, don in jiki ya samu daga abinci ba ya matsa wa ƙashi. A wani gwaji a Meziko an ba masu ciki miligiram 1,200 na kalsiyam kullum, dalmar jininsu ta ragu da kamar kashi ɗaya cikin goma. Raguwar ba ta da yawa, amma a jikin jariri kaɗan ma abu ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawarar miligiram 2,000 a rana ga mai ciki ko mai shayarwa da dalmar jininta ta taɓa kai 5 a ma'auninsu, daga abinci da ƙwaya in an haɗa. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna da shi. Likita zai ƙara mata da ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe na sa hanji ya ƙara zuƙar dalma.

Sannan a rufe ƙofar sabuwar dalma. Kada a niƙa dutse ko a shanya shi a gida. In mijinta na zuwa wurin haƙa, ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo. Ta bar cin farar ƙasa ko ta bango in kwaɗayin ciki ya taso, ta kuma bar kwallin dutse, ita da jaririn, domin da yawansa cike yake da dalma. Batun nono kuwa, kada kowa ya hana ta shayarwa da ka. Abin da ke shiga nono kaɗan ne daga na jini, kuma shawarar CDC ita ce uwa ta shayar muddin awonta bai kai 40 ba. Ina roƙon ma'aikatan awon ciki na Anka da Bukkuyum su riƙa tambayar kowace mai cikin fari ƙauyen da ta tashi. Yaran 2010 su ne iyayen yanzu.

TAMBAYA: Anti, bikina saura wata uku, ni kuma siririya ce. Ƙawata ta ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce sunansu dekza, wata biyu ke nan ina sha, har kumatuna sun ciko. Yayata ta ce suna lalata ƙashi. Haka ne? Daga wata amarya, Talata Mafara.

AMSA: 'Yata, yayarki mai ƙaunarki ce. Dekza ɗin nan, wato dekzametason, magani ne mai ƙarfi da likitoci ke ba masu asma da kumburi da wasu manyan cututtuka, da awo da lokaci. Wannan da ake kira sha-ka-fashe, cikar da yake kawowa ruwa ne da kitsen fuska da na ciki, cinyoyi da damatsa kuwa ramewa suke yi.

A ƙashi ta fuska biyu yake ɓarna. Yana tsawaita ran ƙwayoyin cin-ƙashi, yana kuma kashe magina. Masu bincike a Denmak sun nuna a 2010 cewa in aka ɗiga irin wannan magani a faranti, ƙwayoyin ɗan'adam sukan rage yin zagayayyun ramuka su koma haƙa dogaye, ci ba hutawa. A jikin mutum zaizayar ta fi sauri a watannin farko, kuma haɗarin karaya na tashi cikin wata uku zuwa shida. Yana iya kashe kan ƙashin ƙugu, mace tana da ƙuruciyarta ta koma ɗingishi. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga raunin garkuwar jiki. Ke kuma kina shekarun da jiki ke tara ƙashi ne, domin wajen shekara 30 tarin ke kai maƙura, kuma da shi za ki yi ciki, ki shayar, ki tsufa.

Amma kada ki yanke shi dare ɗaya. Bayan wata biyu jikinki ya rage yin nasa sinadarin da wannan ke kwaikwayo, kuma tsayawa farat ɗaya na iya sa jiri, amai, faɗuwar jini har da suma. Ki ɗauki kwalin ki je wurin likita a wannan makon, ki faɗi adadin da kike sha ba ɓoye-ɓoye, zai rage miki shi mataki-mataki. Allah Ya sa albarka a auren.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe. Mahaifiyarmu mai shekara 68 ta faɗi a banɗaki ta karye a wuyan hannu. Likita ya ce ƙashinta ya zaizaye, ya rubuta mata alendironet, ƙwaya ɗaya a mako, ya ce kada ta kwanta bayan ta sha. Mene ne dalili? Daga wani malamin makaranta, Gummi.

AMSA: Malam, Allah Ya ba Inna lafiya. In mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke taka wa ƙwayoyin cin-ƙashi birki yana raguwa, sai ci ya fi gini. Alendironet, wanda aka fara amfani da shi a 1995, yana manne wa ƙashi. Ƙwayar in ta zo ci sai ta haɗiye shi tare da ɓarɓashin, ya kashe mata ƙarfi. A ɗakin gwaji ana jiƙa yankan ƙashi da maganin a ɗora ƙwayoyi, sai a ga ramuka sun ragu ƙwarai.

Hanji ba ya ɗaukar ko kashi ɗaya cikin 100 na ƙwayar, kuma abinci, shayi ko nono na hana wannan kaɗan ɗin ma shiga. Don haka ta sha da sassafe ba ta ci komai ba, da cikakken kofin ruwa zalla, ta zauna a miƙe ko ta yi tsaye minti 30, don in ya maƙale a maƙoshi yana ƙona shi. Ku zaɓi ranar, ta sha bayan ta idar da sallar asuba, ta zauna lazimi har lokacin ya cika. A duba mata haƙora, a kuma gyara banɗakin: a rage santsi, a sa abin dafawa da fitila.

Akwai kuma allurar denosumab da ake yi duk wata shida tun 2010, wadda ke kama RANKL ɗin nan da muke ɗigawa a faranti. In an fara ta ba a tsallake lokaci, domin in aka bari ƙwayoyin na dawowa da ƙarfi har ƙashin baya ya karye. A 2021 masu bincike a Sidni ta Ostareliya suka leƙa cikin ƙashin ɓera mai rai, suka ga ƙatuwar ƙwayar na iya rarrabuwa ƙanana ta jira, ta sake haɗuwa daga baya. Faranti kuwa yana da iyaka, don ƙwaya iri ɗaya kawai yake nunawa a kan ƙashi matacce, babu magina, babu zuciya, babu ƙoda. Akwai wani magani, odanakatib, da ke toshe katafsin K. Ya yi kyau a faranti, ya rage karaya a gwajin mata sama da 16,000, amma aka ajiye shi a 2016 saboda ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa in mai tallar magani ya ce muku an gwada nasa a ɗakin gwaji, ku tambaye shi ko an gwada a jikin mutane.

TAMBAYA: Malama, ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani asibiti a Gusau, ina shirin digiri na biyu. Za a iya wannan aiki a nan gida? Daga wani ɗalibinki.

AMSA: Za a iya, ɗana, kuma ina so a yi. Ba madubi ne babbar matsala ba, wuta ce. Na taɓa taimaka wa wani ɗakin gwaji a ƙasar nan da muka reni ƙwayoyi har suka fara haɗuwa, sai janareta ya tsaya a ƙarshen mako. Da muka buɗe inkibeta ranar Litinin, ruwan ya koma shunayya, alamar iskar kabon ta tsere, ƙwayoyin sun saki gindin faranti suna yawo a sama matattu. Don haka kafin ka sayi kwalbar RANKL ko ɗaya, ka tabbata inkibeta da firiza suna kan sola da batir nasu na kansu, kuma akwai tukunyar gas ta biyu a ajiye.

Na biyu tsabta. Ruwan reno abinci ne ga kowace ƙwayar cuta. In ka zo da safe ka ga ya koma rawaya ya yi gurɓi, ka zubar, babu ceto. Ƙurar hunturu na toshe matatar iskar teburin aiki da wuri, a riƙa dubawa. RANKL kuma in ka narkar da shi ka raba shi ƙanana ka daskarar, domin narkewa da daskarewa sau da yawa na kashe shi.

Akwai tarko ɗaya da ke ba sababbi wahala: faranti cike da ƙattan ƙwayoyi, ƙashi kuma sumul ba rami. Tim Arnett da David Dempster sun nuna tun 1986, da ƙwayoyin ɓera, cewa a ma'aunin 7.4 kusan ba sa ci, sai ruwan ya ɗan yi tsami zuwa wajen 7.0 suke tashi aiki. Ka riƙa auna tsamin ruwanka. Kuma kada ka dogara da jinin mutum ɗaya, domin na wani na ba da ƙwayoyi masu ci sosai, na wani kaɗan, sai ka maimaita da mutane da dama kafin ka ce ka ga wani abu.

Ka fara koyon hannu da ƙwayoyin ɓera da ake kira RAW 264.7, waɗanda RANKL kaɗai suke buƙata kuma cikin kwana huɗu ko biyar suke haɗuwa. In hannunka ya faɗa, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ka yi wa masu ba da jini bayani da Hausa su amince da bakinsu da sa hannunsu, a gwada jinin don HIV da ciwon hanta saboda kariyarka. Ƙashin saniya kuwa sai dai ka gaji da ɗauka a kwatar Gusau. In ka zo zaɓen taken bincike, ka dubi masu sikila da ke cika asibitinku da ciwon ƙashi, ko matasan Anka da Bukkuyum da suka tashi da dalma a jiki, ka kwatanta yadda ƙwayoyinsu ke haƙa da na waɗanda ba su da ita. In ka rubuta tsarin aikin, ka aiko mini ta ofishin mujalla in duba maka kafin ka kai wa malamin da zai kula da kai.